Amsa ga ƙanwata ta Tawa: na'urarki lafiyarta lau, kwalba da sabuni za ki tuhuma

Salamu alaikum ƙanwata. Saƙonki ya iso tun shekaranjiya, aiki ne ya riƙe ni, kuma tambayar taki ba irin wadda ake amsawa da layi biyu ba ce. Bari in maimaita abin da kinka rubuto don masu karatu su san inda munka dosa. Kin ce kina shirya memuwar ɗinki, wato kundin kammala karatu, a Tawa, kina auna fosfat cikin ruwan tabkin Tabalak da na wasu rijiyoyin lambun albasa, kwalba guda ta ba ki 0.61 ran Litinin, ran Alhamis ita dai wannan kwalbar ta koma 0.38, ruwan distile da kike zuba ma magani (sinadarin da ke yin shuɗi in ya haɗu da fosfat) don shaida shi ma shina yin shuɗi-shuɗi, sannan kin aiko ruwan nan Yamai wani labo ya rubuto miki 0.20. Shi ne kike tambaya ko na'urar ce ta lalace a nemo wata.

To ni dai na daɗe ina wannan aiki a labo nan Yamai, ruwan kogin Isa, ruwan foraj, ruwan kwata, duk sun bi ta hannuna, kuma sau nawa aka zo mini da kukan na'ura ta lalace, in anka bincika sai a tarar ba ruwanta. Abin da nake so ki fara sa ma ranki shi ne na'urar nan ba ta san wani abu wai shi fosfat ba. Haske take aikawa ta cikin ruwa ta ga nawa ya wuce nawa ya tsaya, shi ke nan sana'arta. Shuɗin da fosfat ɗin Tabalak ya kawo, da shuɗin da sabunin wanke kwalba ya kawo, da duhun laka, da shatin yatsanki a jikin gilashi, duk ɗaya ne a wurinta, lamba za ta ba ki ba kunya ba tsoro. Saboda haka aikin gaskiya ana gama shi tun kafin a danna maɓalli.

Zan fara da mai sauƙin, wato 0.61 da 0.20, don wannan ina ganin ba ma sai an taɓa ruwa ba. Ki raba 0.61 da 0.20 ki ga abin da zai fito, uku da ɗan wani abu. Wannan ukun ni na san shi kamar yunwar cikina. Fosfat ana rubuta shi iri biyu, wani ya ba ki nauyin ƙwayar gaba ɗaya wato PO4, wani ya ba ki nauyin fosfor ɗin da ke ciki kaɗai wato P. Nauyin PO4 kusan 95 ne, na P kusan 31, tsakaninsu 3.07. Kenan 0.61 na PO4 daidai yake da 0.20 na P, ruwa guda, gaskiya guda, harshe ne ya bambanta. Ƙananan na'urorin Hach da ake aiki da ƴan sashe, wato ƙananan ƙunshin garin magani, yawanci PO4 suke nunawa in ba a canza musu ba, mu kuma masu haɗa magani da hannu mun saba rubuta P. Ki duba takardar da anka ba ki da kyau ki ga me anka rubuta bayan mg/L, wato miligiram cikin lita. Akwai ma na uku, mutanen taki da ƙasar noma su P2O5 suke magana da shi, kamar 15 na tsakiya a buhun 15-15-15, shi kuma P sau 2.29 ne. Duk lamba da kinka rubuta cikin memuwar ba ki faɗi wane daga cikin ukun nan ba, wallahi ba ta da amfani ga kowa, ko ke kanki bayan wata shida ba za ki tuna ba.

Yanzu maganar Litinin da Alhamis, nan ne zan daɗe. Ruwan tabki ba matacce ba ne, cike yake da ƙananan halittu, gansakuka da bakteriya, kuma fosfat abincinsu ne. Kin rufe su cikin kwalba a ɗaki mai zafi kwana uku, me kike so su yi in ba ci ba? Wani lokaci kuma akasin haka ke faruwa, su mutu su ruɓe su sako wanda ke jikinsu lambar ta hau. Bayan su ga laka, fosfat shina son manne ma laka da tsatsar ƙarfe sosai. Kin san ruwan rijiya ko foraj da ke fitowa garau amma in ya kwana a bokiti sai ki ga ya yi ja-ja a ƙasa, to wannan ƙarfen da ya sha iska ya kwanta, lokacin da yake kwanciya ya ja fosfat ya tahi da shi gindin kwalba. Ita ma robar kanta tana riƙe kaɗan a jikinta in ruwan fosfat ɗinsa ba yawa. Kenan ruwan Alhamis ba shi ne ruwan Litinin ba ko da kwalbar ba ta canza ba, kuma na Litinin ɗin ma in ranar Asabar kinka ɗebo shi to shi ma da sauran magana.

Abin da ake yi shi ne a tace ruwan nan take a bakin tabki, ba sai an komo gari ba. Sirinji da ɗan filtir na 0.45 mikron, ki fara tura ruwan distile ta cikinsa don wasu filtir ɗin su ma suna sako fosfat kaɗan, ki zubar da mililita na farko na ruwan tabkin, sannan ki tara sauran cikin kwalba mai tsabta, sai cikin gilasiyer da ƙanƙara. Ki auna shi ranar in da hali, in ya yi nisa kada ya wuce awa 48 a firigo wajen digiri 4. Tabalak zuwa Tawa wajen kilomita 50 ne, kina iya ɗiba da safe ki auna da la'asar, ba ki da uzuri. Amma aiko ruwa Yamai cikin kar, tafiyar sama da kilomita 500 a ƙarƙashin kaya cikin zafin nan namu ba ƙanƙara, wannan kam ko wa ya auna shi labarin hanya ya auna. Kuma ki yi hankali da shawarar nan ta "zuba asid ya adana ruwan" da ake ba kowa. Gaskiya ce ga fosfor gaba ɗaya, a zuba asid sulfurik har pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya sauka ƙasa da 2, a sa a sanyi, shina iya kai kwana 28. Amma ga narkakken fosfat da kike nema asid ɓarna yake yi, don shina warware fosfor da ke ɗaure cikin laka da polifosfat ya mai da su irin wanda magani ke gani, lamba ta kumbura. Kwalba biyu kenan tun daga bakin ruwa, tatacce ba asid, da wanda ba a tace ba mai asid.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ya kamata malaminki ya yi miki tun farko, wane fosfor kike nema? Maganin shuɗin nan ortofosfat kaɗai yake kamawa, wato wanda ya narke yake yawo shi kaɗai, wanda tsiro ke sha kai tsaye. Wanda ke cikin jikin gansakuka, da cikin kashin dabbobin da ke shan ruwa a tabkin, da wanda ke manne da laka, duk ba ya ganinsu sai an dafa. Dafawar ita ce a ɗauki mililita 50 na ruwan da ba a tace ba bayan an girgiza shi sosai, a sa asid sulfurik da rabin giram na potasiyam persulfat, a sa a otokilab, wato tukunyar tururi ta labo, digiri 121 minti 30, ko a tafasa a kan rishon labo minti 30 zuwa 40 ana lura kada ya ƙone ƙurmus, ya huce, a kashe asid ɗin da soda, wato sodiyam hidroksid, har ɗigon gwaji na fenolftalin ya nuna ruwan hoda kaɗan, a cika zuwa ma'auni sannan a auna. A tabki mai kore shar kina iya samun ortofosfat kusan babu, ki ce ruwan lafiya lau, alhali gansakuka ce ta shanye shi duka shina cikin cikinta. Don haka in maganar lalacewar tabki kike, ba makawa sai kin yi na gaba ɗayan.

To sai shaidarki da ke yin shuɗi, wanda mu a labo muke ce ma bulan. Wannan shi ne babban abin da ya kamata ya hana ki barci, don in ruwan da babu komai cikinsa ya yi launi to akwai fosfat da ke shigowa ta wata ƙofa, kuma yadda ya shiga bulan haka ya shiga sauran kwalaben, sai dai ba ki san nawa ya shiga kowace ba. Na farko da nake tuhuma kullum sabuni. Garin wanki iri-iri ana haɗa su da fosfat don ya tausasa ruwa, ki wanke gilashi da omo ki ɗauraye sau biyar, saura na nan manne. Kayan aikin fosfat ba a haɗa su da sabuni sam. Ki ware gilasanki daban, ki jiƙa su cikin asid kloridirik mai ruwa-ruwa, kashi ɗaya asid kashi tara ruwa ya isa in za su kwana ciki, ki ɗauraye da ruwan distile sosai, ki bar su cike da ruwan distile a rufe har ranar aiki, ki rubuta musu suna da babban baƙi kada mai shara ko wani ɗan sitaj ya yi miki gwaninta ya wanke su. Kuma a rufe ɗin nan da gaske nake, lokacin hunturu ƙurar da ke shigowa ta taga ƙasa ce, ƙasa kuwa da fosfor cikinta, ballantana ku can Adar da dutsen fosfat ɗin kansa ke cikin ƙasarku har anka taɓa haƙo shi ana niƙawa a yi taki.

Na biyu ruwan distile ɗin kansa. In tukunyar distile ta daɗe ba a wanke ta ba, ko rezin ɗin da ke tace ruwan ya gaji, ko an zuba ruwan cikin bidon da ba a san abin da ya taɓa zama ciki ba, to ba ruwan shaida ba ne kuma. Gwajin mai sauƙi ne, ki samo ruwan distile daga wani wuri daban ki sa ma duka biyun magani guda cikin gilasan da kinka wanke da asid, in ɗaya ya yi shuɗi ɗaya bai yi ba kin kama ɓarawo, in duka sun yi daidai wa daida to maganin ne ko gilashin.

Na uku zan ba ki labarinsa don ni ya taɓa ci. Wata shekara muna bin ruwan kogi lokacin jan ruwan damina, sai lambobi sunka riƙa tsalle ba dalili, yau kwalba ta farko ta yi sama sauran su yi daidai, gobe ma ta farko, kullum ta farko. Mun canza magani, mun canza ruwa, har mun fara zagin na'ura irin yadda kike yi yanzu. Ashe yaron da ke taya mu shina daidaita pH-mita da safe da ruwan tampon na 7, wato ruwan gwaji da pH ɗinsa 7 ne daidai, ya ɗan ɗauraye sandar sama-sama, ya tsoma ta cikin kwalbar farko ya auna pH, sannan mu mu zo mu ɗibi wannan ruwan mu auna fosfat. Shi kuwa tampon na 7 da fosfat zalla ake haɗa shi, mai kauri ƙwarai, ɗigo guda cikin mililita 50 ya isa ya ba ki sama da 1 mg/L. Yaron ba laifinsa, mu ne ba mu gaya masa ba. Tun ranar duk abin da za a tsoma ma sanda sai an zuba shi a wani kofi daban, kwalbar fosfat ba abin da ke shiga cikinta. Haka nan robar koka da mutane ke son ɗibar ruwa da ita don ita ce a kusa, lemun nan da asid fosforik ake yinsa, ki ɗauraye yadda kinka ga dama ni ban yarda da ita ba. Ke da kike shiga lambun albasa kuma ki lura da hannunki da guga da igiya, mai lambu ya gama watsa taki ya ɗebo miki ruwa da hannun nan don kara, kin ga ai takin kinka auna.

Bari in zo kan maganin kansa. Hanyar da kusan duniya duka ke bi ita ce ta Murphy da Riley ta 1962, ita ce ke cikin ƙa'idar duniya ta ISO 6878, ita ce kuma ke cikin ƴan sashen PhosVer 3 da an riga an haɗa. Molibdat cikin asid ya haɗu da fosfat, antimon ya sa abin ya yi sauri, asid askorbik wato bitamin C ya juya haɗin ya koma shuɗi, a karanta da hasken na'ura a 880 nanomita. In da hannu kike haɗawa, na mililita 100 shi ne 50 na asid sulfurik 5 N, 5 na ruwan antimon tartarat, 15 na amoniyam molibdat, 30 na askorbik, a jere kamar yadda na faɗa, ana kaɗawa bayan kowane, kuma duka su kasance sun bar sanyin firigo. Mililita 8 na haɗin ake zuba ma 50 na ruwa. Haɗin nan awa 4 kawai yake rayuwa, launinsa rawaya-rawaya mai haske, in kin ga ya karkata kore ko shuɗi tun cikin kwalbarsa ki zubar. Askorbik giram 1.76 ne cikin mililita 100, a firigo sati guda, amma da yadda ake yanke mana kuran firigo ya wuni da ɗumi ni ban ba shi sati, kaɗan nake haɗawa ranar aiki, garin ba shi da tsadar da za a yi masa rowa. Kada kuma wani ya ce miki ki daka ƙwayar bitamin C ta farmasi, akwai ƙwayoyin da da garin kalsiyam fosfat ake ɗaure su. Molibdat in ya fara farin gari a gindi shi ma ya gama. Wajen haɗa asid kin dai sani, asid ake zuba ma ruwa a hankali, ba a zuba ma asid ruwa, da tabarau da safar hannu.

Lokaci kuma ba abin wasa ba ne. Da haɗin hannu ana jira minti 10, a karanta kafin minti 30. Da sashe minti 2 ne bayan an girgiza. Abin da ya fi adadin mintin muhimmanci shi ne kowace kwalba ta samu lokaci guda da ƴan uwanta, kada ki zuba ma kwalba ashirin magani a tare ki karanta ta farko a minti 10 ta ƙarshe a minti 40 don an kira ki a waya. Ki zuba bi da bi da tazarar rabin minti, ki karanta bi da bi da wannan tazarar. Littattafan nan an rubuta su ne a ɗakuna masu digiri 20 zuwa 25, mu kuwa watan Afrilu in kilim ya tsaya ɗakin labo shina haura 35 cikin sauƙi, launi ya fito da sauri, silis, wato sinadarin yashi, da ke da yawa cikin ruwan rijiya shi ma ya fara ba da nasa shuɗin sannu a hankali in an bar shi ya daɗe, asid ɗin maganin kuma ya fara warware fosfor da ba shi ake nema ba. Shi ya sa nake aikin fosfat da sassafe, kuma ban barin kwalba ta jira. Ruwan da ya fito firigo kuma a bar shi ya dawo zafin ɗaki, in da sanyinsa launi ba ya cika kan lokaci, ga raɓa da ke kwanciya a jikin kubet, wato ɗan gilashin da ake sa ma na'ura, ita kuma ta karanta ta a matsayin duhu.

Ba ki faɗa mini ko kina ja layin etalon ba, wato layin da ake ja da karatun ruwan da anka san adadin fosfat ɗinsa, shirun nan ya sa nake zaton ba ki yi. Wanda ke cikin ƙwaƙwalwar na'ura daga kamfani ba laifi gare shi, amma bai san maganinki na yau ba. Ki busar da KH2PO4 a etib, wato murhun busarwa, digiri 105, ya huce cikin desikater mai hana danshi, ki auna giram 0.2195 ki narkar cikin lita guda, kin samu 50 mg/L na P. Ki ɗauki mililita 10 ki cika zuwa 100, ya zama 5 mg/L. Daga wannan mililita 1, 2, 5, 8 da 10 kowane a cika shi zuwa 50, kin samu 0.1, 0.2, 0.5, 0.8 da 1.0, ga bulan na shida. Na rubuta da ɗigo yadda na'ura ke nunawa, in kin zo memuwar ki mai da shi birgil yadda anka koya mana a lakol. Da kubet na santimita 1, na 1.0 ɗin ya kamata ya ba ki abzorbans, wato yawan hasken da ruwan ya tare, wajen 0.6, layin kuma ya miƙe sak ya wuce kusa da sifili. In haka ta fito to na'urarki ta wanke kanta a gabanki, in kuma ya lanƙwashe ko ya yi ƙasa sosai to ki fara da sabon askorbik kafin ki kira mai gyara. Duk ruwan da ya fi etalon ɗinki na sama duhu kada ki yarda da lambar, ki surka shi da ruwan distile ki sake daga farko, ba wai ki surka shuɗin da ya riga ya fito ba. Ruwan kwata irin na Guntu Yena a nan Yamai ko na mahauta da fosfat ya yi yawa, shi akwai hanyar rawaya ta banadat da molibdat da ke ɗaukar 1 zuwa 20 mg/L, ta fi dacewa da shi.

Ki duba lissafin nan kuma, in 1.0 ya ba da 0.6, to ruwa mai 0.02 abin da zai ba da wajen 0.012 ne, wato daidai abin da shatin yatsa ko ƴar ƙura ko kumfa guda ke iya bayarwa. Ruwan rijiya mai tsabta sau da yawa nan yake zaune. Don haka in ƙananan lambobi kike bi ki nemi kubet na santimita 5, shina ninka karatun sau biyar, ki goge shi da takarda mai laushi, ki riƙa sa shi ta fuska guda kullum, kuma abin da ya gaza ƙarfin hanyarki ki rubuta "ƙasa da kaza", kada ki rubuta 0.00 kamar kin tabbatar babu.

Laka ita ce ciwon kanmu a ƙasar nan. Ruwan tabki bayan ruwan sama, ko kogi a watan Agusta da Satumba lokacin da koramun Sirba da Dargol da Goruwal ke zubo jan ruwa, akwai laka mai laushin da ko filtir na 0.45 wani lokaci ba ya tare ta duka, ruwan ya fito kamar an ɗiga masa madara. Wannan duhun na'ura fosfat za ta kira shi. Maganinsa ki yi ma kowane irin ruwan nan shaidarsa ta kansa, ki zuba masa haɗin da babu askorbik babu antimon, asid ɗin na nan amma shuɗi ba zai fito ba, ki karanta ki cire daga karatun ainihi. Masu aiki da sashe suna sa sifili da ruwan da ba a sa ma gari ba, ya rage matsalar amma bai kashe ta ba, don asid ɗin garin shina canza lakar, saboda haka tacewa dai ba ta da madadi. Arsenik kuma ɗan uwan fosfat ne na jini, shuɗi iri guda yake bayarwa ko da 0.1 mg/L ne, in wata rana aiki ya kai ki ruwan wuraren haƙar zinariya ki tuna da shi, da tiyosulfat ake kwantar da shi kafin a sa magani. Nitrit mai yawa shi kuma rage lambar yake yi.

Abu biyu nake so su zame miki al'ada duk ranar aiki. Ki auna kwalba guda sau biyu daga farko har ƙarshe, in bambancin ya wuce kashi 10 cikin 100 akwai abin da ke motsi a hannunki. Sannan ki ɗauki ruwan Tabalak ɗin mililita 50 ki ƙara masa mililita 1 na etalon mai 5 mg/L, ya kamata lambar ta hau da kusan 0.1, in ta hau da 0.09 zuwa 0.11 ruwan ba ya hana maganin aiki, in ta hau da 0.05 kawai to akwai abin da ke cikin ruwan da ke danne launi. Ki kuma tahi daji da kwalba guda ta ruwan distile, ki buɗe ta a bakin tabki ki tace ta da irin sirinjin, ta yi tafiyar tare da sauran ta dawo, ita za ta gaya miki ko hanya da hannu sun ƙara wani abu.

Wata ƴar magana kan fassara lambar, tunda na ga memuwar da yawa an rubuta wai ma'aunin OMS, wato hukumar lafiya ta duniya, na fosfat 5 mg/L. Hukumar lafiya ta duniya ba ta sa ma fosfat iyaka ta lafiya cikin ruwan sha ba, biyar ɗin nan daga tsohuwar dokar Turai ta 1980 ta fito kuma da P2O5 anka rubuta ta, kowa na kwafa daga na gabansa. Fosfat a rijiya damuwarsa ita ce alama ce, in ya hau ki nemi masai ko garke ko taki a kusa, ki haɗa da nitrat da gwajin bakteriya. A tabki kuwa ƙanƙanin abu ke tada kore, ma'aunin OCDE, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, na 1982 daga 0.035 mg/L na fosfor gaba ɗaya yake lissafa tabki cikin waɗanda abinci ya yi musu yawa, ko da yake a tabkunan ƙasashen sanyi anka gina shi, namu masu laka haske ba ya shiga sosai ba lalle su bi shi sak ba. Amma dai kin ga 0.20 ɗinki in ta tabbata ba ƙaramar lamba ba ce.

Ga abin da nake so ki yi satin nan kafin ki sake ɗibar ko kofi guda. Ki jiƙa gilasai cikin asid yau su kwana, gobe da safe ki haɗa sabon magani ki yi bulan uku da etalon biyar ɗin nan, ki rubuta abzorbans ɗin kansu cikin kaye ba lambar da na'ura ta juya ba, da awa da zafin ɗakin. Ki ɗauki hoton shafin ki turo mini tare da hoton takardar labon nan na Yamai inda anka rubuta mg/L, da sunan na'urarki da kwanan watan da ke jikin sashen in da su kike aiki. Lambobin Litinin da Alhamis kuwa ki ja musu layi ki bar su cikin kaye, kada su shiga memuwar. Ki gaida malaminki da mutanen Tawa.